Mai Kwaɗo da Baƙonsa Mai Gashi

Tun yana saurayi, Mai Kwaɗo bai taɓa ɗaga wa kwaɗon ƙofa guduma ba. Kowane iri aka kawo masa, sai ya kara shi a kunne, ya girgiza, ya ce, "Bari mu ji abin da ke damunsa." Da wannan sana'a ta gyaran kwaɗo ya aurar da 'ya'yansa, a ɗan shagon da bai fi shimfiɗar tabarma ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi da hannunsa na dama. Ya tashi, amma bai ƙara taɓa aiki ba. Kullum sai ya buɗe shago ya zauna kamar mai gadi. Auta, 'yarsa, ta ce in wata ya ƙare a haka, gara a mayar wa mai shago da shagonsa. Bai musa ba, amma abin ya ci masa rai.

Ana nan sai ya yi baƙo, wani ƙaton ƙudan zuma mai gashi, baƙi da ratsin rawaya, wanda ya ƙwallafa rai a kan ragowar shayinsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan rufaffen abu, ai sai ya ɗiga ruwan sukari a faranti, ya kife murfin kwalba a kai don ya ga gudun ruwan baƙon. Ƙudan ya zagaya, ya sa kai ya ture murfin, ya sha abinsa.

"Kai! Wa ya koya maka?"

Kashegari ya ɗora 'yar ƙusa a kan murfin. Ƙudan ya tura, murfi ya ƙi. Ya sake, ya ƙi.

"Haƙura, malam," in ji Mai Kwaɗo. "Ni ma na haƙura."

Ƙudan ko a jikinsa. Ya hau sama ya yi ta kokawa da ƙusar har ta gangara, sannan ya sauko ya ture murfin. Mai Kwaɗo ya yi dariya har da tari, daga baya kunya ta kama shi.

Da Auta ta kawo abincin rana, sai ta tarar ya matse wani tsohon kwaɗo tsakanin gwiwoyinsa, siririyar waya a hannun hagu, gumi na zuba.

"Baba, me kake yi haka?"

"Yi shiru, uwata, ina saurare."

Kwaɗon ya ƙi buɗuwa. Ta miƙa hannu za ta karɓa, ya kauce.

"Je ki gaya wa mai shago muna nan," ya ce, ya sake kara kwaɗon a kunne.