Yatsan Kawu a Cikin Kula

Shekarun baya, ina aji biyu a jami'a ina karatun likita, na dawo hutu gidanmu a Makera. Mahaifiyata ƙanƙara take sayarwa, firiza biyu ne a barandarmu. Ni kuwa ba a cika jin muryata ba, kullum ina ɗaki da littafi da jan biro.

A makon na karanta yadda ake adana ƙoda kafin a dasa wa mara lafiya. Sanyi ake so, amma kada ta daskare, don in ruwan cikin nama ya zama ƙanƙara, farfasa shi yake yi ta ciki. Har layi biyu na ja a ƙarƙashin wurin.

Wata Asabar da hantsi aka shigo da kawuna, ƙanin Mama, wanda yake kafinta a Trikania. Injin yanka katako ya guntule masa babban yatsan dama. Abokin aikinsa na riƙe da yatsan a cikin takarda.

Mama ba ta tsaya kuka ba. Ta fasa ƙanƙara a kula, ta watsa gishiri, yadda take yi in tana son lemo ya yi sanyi da wuri, ta tura yatsan can tsakiya.

Na san naɗe shi ya kamata a yi da tsumma mai laima, a ɗaure a leda, a sa cikin ruwan sanyi. Na ce, "Mama, ai ba haka..."

"Ba haka me? Ke da ko shayi sai kin duba littafi? Jeki tsayar mana da keke-napep."

Kawu yana cije leɓe ya ce, "Yi sauri, Dokta."

Na haɗiye sauran maganar na fita.

A asibiti likita ya buɗe kular. Yatsan ya yi fari, ya ƙandare. Ya ce, "Wa ya sa gishiri?"

Mama ta ce, "Ni ce, likita. Don kada ya lalace."

"Mama, ko daidai aka kawo shi, ba tabbas zai kama. Amma wannan sanyi ya riga ya kashe shi."

Kawu bai ƙara riƙe guduma ba. Yanzu ƙusa da kwaɗo yake sayarwa a Narayi, kuma bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba.

Na sha lallashin kaina da maganar likita, cewa dama ba tabbas. Ba ta ishe ni ba. Jimla ɗaya ce ta rage in ƙarasa, kunya ta hana ni.

Har yau in zancen ya taso, Mama takan ce, "Da akwai wanda ya sani a gidan nan, ai da ya hana ni." Ina zaune kusa da ita take faɗa, kuma ban taɓa gaya mata ba.