Layin Sakin Gonaki da Lawali Ya Bari

Shekara bakwai ke nan da aka kai ƙanena Lawali makwancinsa a Tasawa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, sadaka nake yi in kama bakina. Bana na kasa, domin abin da ya bar mana shi ma yana neman mutuwa a hannunmu, kuma ni tsoro nake ji.

Duk wanda ya tashi tsakanin Tasawa da Mayahi ya san sakin gonaki. In an gama girbi sai a sa rana, makiyaya su shigo da dabbobi su ci kara da harawa. To amma girbi ba ya ƙarewa rana ɗaya. Wannan gari ya ɗaure hatsinsa, na kusa da shi wake na kwance a gona. Garke ɗaya ya yi gaggawa, sai a jawo sanda da takobi. Muna yara mun ga an shigo da mutum a amalanke an lulluɓe shi da zane, kuma Lawali bai taɓa mantawa ba.

Malamin lissafi ne a kwaleji. Da ɗan abin da ya koya wa kansa ya haɗa shafi a intanet, ya jona shi da layin talho. Mai gari ya kira ya ce sun gama, makiyayi ya kira daga daji ya ji garin da aka saki, da Hausa ko Fulatanci ko Tamajak. Na sha yi masa tsiya, mutum da iyalinsa ya tare a kan ordinatar, wato kwamfuta, kamar kaza a kan ƙwai. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke dai ki yi mini addu'ar rezo, kada layin waya ya yanke." Da ya rasu, ƙungiyar da ke kula da layin ta ɗora ni a kujerarsa, ni da ko kunna abin sai an nuna mini.

Bara, ana tsakiyar roron wake, layin ya sanar cewa an saki wani ƙauye a yankin Attantane. Babu wanda ya kira, babu wanda ya taɓa komai. Allah ya sa mai garken farko ya hango mata a duƙe cikin gona, ya juya shanunsa. Da a ce ta wata hanyar ya ɓullo fa?

Nafisa, 'yar marigayin, ita ta zo daga Maradi ta duba. Ilimin da ubanta ya tsinta da kansa, ita a jami'a ta karanto shi. Da ta gama sai ta zauna kusa da ni, idonta ya yi ja. Ta ce, "Gwaggo, faci ne a kan faci. In na gyara nan sai can ya ɓalle. Gara a rushe a sake ginawa daga tushe."

Wallahi na ji haushinta. Na ce mata garin neman gira ake rasa ido. Ba ta yi musu ba, sai ta nuna mini abin da ya fi tayar mini da hankali. A cikin aikin akwai ƙa'idojin da Lawali ya sa bai faɗi dalili ba. Akwai garin da ba a sanar da sakinsa sai mutum biyu sun kira. Akwai wani gari wajen Gidan Amumune da ake riƙe sanarwarsa sai kasuwa ta watse. Mun tambayi dattawa, wasu sun tuna dalilin wata, sauran kowa ya ce bai sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai ɗakin kuwa yana ƙasa.

Na yi ta tambayar kaina me zai ce da yana nan. Na san halinsa, ba ya ƙaunar tsohon abu don tsufansa kawai. Ina jin da ya ji labarin Attantane, da hannunsa zai kashe layin a ranar. Amma shi in ya rushe, ya san abin da zai mayar. Mu fa? In muka bar tsohon, zai iya sake yin ƙarya. In muka gina sabo, aka manta ƙa'ida ɗaya tak, jinin da zai zuba a wuyan 'yarsa za a rataya shi. Yarinyar ta san haka, ta rame a tsaye.

A taron ƙungiya na ɗaga hannu a rushe. Mun kashe layin. Nafisa ta ce ba za ta kunna sabon ba sai ta bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za ta gama kafin kaka ba. Bana 'yan kabu-kabu a kan baburansu da masu shela za su kai labari, kamar da. Ban yarda hakan zai isa ko'ina ba, ga gero har ya fara nuna.

In aka tambaye ni me ya rage na ƙanena, ba zan ce na'ura ba, tunda mun kashe ta. Yardar mutane ce ta rage, kuma ita ta fi ba ni tsoro. A daji ba a cewa layi ya sanar, cewa ake yi Lawali ya ce. Shekara bakwai yana kabari, mutane na kora dukiyarsu a kan maganarsa ba tare da sun leƙa gona ba. Allah ya jiƙansa, ya sa wannan amana ta zame masa haske.

Shekaranjiya wani dattijon makiyayi ya kira ni daga arewa, ina jin kukan shanu a bayansa. Ya ce ya buga layin bai shiga ba, ciyawa kuma ta ƙare inda suke. Ya ce, "Hajiya, me Lawali ya ce bana?"

Na ce, "Baba, bai ce komai ba tukuna. Don girman Allah ka tsare shanunka."