Bindigar da Maigidana Ya Ƙera

Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. In na yi shiru, kuka ne ya tare ni.

Maigidana maƙeri ne, Allah ya jiƙansa. Garma da lauje su ne abincinmu, amma yakan ƙera wa mafarauta bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ta ƙarshe da ya ƙera bai sayar ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ya nuna mini ita a jingine a bango ya ce, “Wannan ta babban ɗanki ce. Ki tabbata ta shiga hannunsa.” Na ce to. Bai sake tashi ba.

Yaron yana karatu a Maleshiya, bai samu jana'iza ba. Bayan na fita takaba matarsa ta haihu, ya aiko aka kai ni Kuala Lumpur in kula da mai jego. Bindigar na bar ta wajen ƙanen mijina, mafarauci ne, don ya ce ba a shiga jirgi da ita. Na ɗauka tsawonta ne ya yi yawa.

Garin ya fi ƙarfin bakina. A unguwar Sri Petaling suke, a wani bene da in na leƙa taga tsuntsaye ke wucewa ta ƙasa da ni. Jirgin ƙasa a sama yake tafiya, bisa ginshiƙai, motoci na bi ta ƙarƙashinsa. Da la'asar sama ta tsage da ruwa, kafin a jima titi ya bushe. Duk abin da na gani sai in ce da maigidana yana nan, da ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙarfen nan ya ji muryarsa. Sai hawaye.

Wata rana surukata ta kai ni kasuwar Chow Kit sayen kuɓewa da busasshen kifi. Muka biya ta shagon wani Bakano mai harkar kaya, shi ke kawo wa mutanenmu daddawa da kuka daga gida. Na ga har keken ɗinki a ɗaure a kwali. Zuciyata ta yi fari.

Na ce, “Ɗan nan, akwai bindiga a gida, ka sako mini ita cikin kaya na gaba.”

Yana shan shayi, ya ƙware. Ya leƙa waje, ya janyo ƙofa.

“Hajiya! Me na yi miki? 'Ya'yana ƙanana ne fa.”

“Ta gado ce. Ta harbin zabi.”

“Ko ta harbin sauro ce, tak boleh lah! Ba ya yiwuwa. Ki ce in kawo miki raƙumi da ransa, wallahi zan gwada.”

Surukata ta ja hannuna muka fita.

Da yamma ɗana ya zauna gabana a ƙasa, yadda yake zama yana yaro. Ya ce, “Inna, a ƙasar nan wanda aka kama da bindiga ba izini, ɗauri ne na shekaru, da bulala. Wanda aka ce fataucinta yake yi, rataya ce. Ni baƙo ne, ɗalibi. Ba mai ba ni izini.”

Na ce, “Ko an gaya musu ubanka ne ya ƙera da hannunsa?”

“Wannan ya fi muni. Kowace bindiga ta halal tana da lamba a jikinta, hukuma ta san wanda ke riƙe da ita. In za ta canja hannu, ko kyauta ce ko gado, sai an sanar, an rubuta sunan sabon mai ita. Ta Baba ba lamba. Ko a gida doka ta ce a kai ta a yi mata rajista, ba ma yi ne kawai.”

Na jinjina abin. Gari mai mutane kamar tururuwa, a ce kowane bakin bindiga an san mai shi. Sai na tuna tun zuwana ban ji ƙara ko ɗaya ba. Na tuna 'yan mata a jirgi da sarƙar gwal a wuya, suna gyangyaɗi. Ban ji haushin dokar ba, girmanta ne ya kama ni. Amma na yi wa mamaci alkawari, kuma ga shi cika shi zai kai ɗana kurkuku.

Na ce a ajiye masa har ya dawo. Ya sunkuyar da kai. Ya ce bindiga mara rajista ajiyarta ma laifi ce a kan kawunsa, shi kuma ko ya dawo ba farauta zai yi ba, ba shi da dalilin da zai gaya wa hukuma. Kwanaki ina juya maganar, ina yi wa jariri wanka ina kuka a cikin ruwan.

Ranar wata Juma'a na ce a kira mini ƙanen mijina. Aka sa mini waya a kunne.

“Matar yaya! An ce kin zama Baturiya, da cokali kike cin tuwo.”

“Rufe mini baki, ka saurara. Bindigar nan, ka kai ta wajen 'yan sanda su buga mata lamba, a rubuta sunanka. Mai ita ya yarda, ga shi nan yana ji.”

Wasan ya fita daga muryarsa. Ya ce, “Yaya ba ni ya ce a ba ba.”

Na ce, “Na sani. Ni zan amsa masa in mun haɗu.”

Na miƙa wa ɗana wayar ina kuka. Na ji yana cewa, “Na ba ka, Kawu, halak malak.” Shi ma kuka yake. Bai taɓa riƙe bindigar ba ko sau ɗaya.