Langar ɗin Baba Ergash

Shekara arba'in da uku mahaifina Ergash yana tafiya a kan igiya, can sama da kan bishiyoyi, bai taɓa faɗowa ba. Sai da ya tsufa ya daina, sannan ya yi tuntuɓe da dokin ƙofar kicin ɗinmu, da butar shayi a hannu, ƙashin ƙugunsa ya karye. Dokin ƙofa fa! Har yau in na tuna sai haushi ya turnuƙe ni, in rasa wa zan yi wa faɗa.

Ina ƙarama, da tafin ƙafa na fi sanin babana. Duk wani babban biki daga garinmu Margilan har ƙauyukan ƙetaren kogi, sai a kafa dogayen itatuwa a ɗaure igiya, mu muna ƙasa baki buɗe. Abin da nake hange shi ne jajayen takalmansa masu laushi, da langar, doguwar sandar nan da yake riƙewa a gicciye, bakinta biyu sun ɗan rusuno. In rana ta haske igiyar sai ta ɓace wa ido, ya rage mutum kawai tsaye a sararin Allah, tsattsewa na gilmawa ta ƙarƙashinsa. Daga ƙasa kuma amininsa Holmat mai busa kakaki yana tsokanarsa.

"Kai Ergash, sauko mana, shinkafa za ta huce!"

"Cinye rabona," in ji Baba daga sama, "ai ka saba!"

Baba ba mai yawan magana ba ne, amma in aka taɓo igiya sai bakinsa ya buɗe. Yakan dafa ƙasan cibiyarsa ya ce nauyin mutum gida gare shi, ga gidan nan, kuma muddin yana saitin tafin ƙafa babu faɗuwa. Langar kuwa, a cewarsa, ba ta hana faɗuwa, jinkirta ta take yi. Dogon abu ba ya saurin juyawa, kafin ta gama karkata ka riga ka gyara tsayuwarka. Gwiwa kuma ba a kulle ta, don in igiya ta girgiza ita ce ke shanyewa.

Sai dai igiya ta bar masa wata ɗabi'a. Ko a kasuwa ƙafa ɗaya yake ajiyewa daidai gaban ɗaya. Marigayiya mahaifiyata takan ce in dusar ƙanƙara ta zuba, sawunsa layi ɗaya ne tak kamar na kyanwa. Abin da ya kayar da shi ke nan: tafiyar igiya, babu langar, ga buta a hannu guda.

Bayan an yi masa aiki, likitar da ta duba shi ta ja ni gefe ta gaya min gaskiya. In bai tashi ya taka ba cikin 'yan makonnin nan, naman ƙafar zai bushe, gado ya riƙe shi, daga nan sai abin da Allah ya yi. Ta ba shi kwagiri, ta ce ya riƙa buɗe ƙafafunsa daidai faɗin kafaɗa.

Sau biyu ya gwada. Ƙafafun suka koma layi ɗaya da kansu, kwagirin kuma yana jansa gefe.

"Wane mahaukaci ne zai tara nauyinsa duka a gefe ɗaya?" ya ce, ya yi jifa da shi har ya fasa min kofi. Daga nan ya juya wa bango fuska.

Kullum Holmat sai ya zo da gurasa mai zafi a hammata. Wata rana ya ce wa Baba, "To, tsuntsun Margilan ya zama tabarma? Tashi, tsoho, an cinye maka rabonka a gidan shayi." Mutumin da yake rama baƙar magana daga kan igiya, yau ko tari bai yi ba. Holmat ya fito tsakar gida yana goge ido da hularsa. Ranar ce tsoro ya shige ni da gaske.

Wata safiya itacen abirkot ɗinmu ya cika da farin fure, na yi wanki, igiyar shanya ta yi nauyi tana jan ƙasa. Na rasa abin tokare ta, sai na jawo langar daga kan rumfa, na kafa ta a tsaye. Ban san ana ganina ta taga ba.

"Ke Oydin! Wa ya ce ki taɓa min ita? Ba a tsayar da langar a tsaye, ba ki da hankali ne?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na riƙe ƙugu na ce, "Ni matokari na gani, Baba. In taka ce, zo ka karɓa."

Sai ya ce, "Kira min wancan maƙaryacin."

Ni da Holmat muka tallafo shi zuwa baranda, muka ɗora masa ita a hannu. Bai nemi tsakiyarta ba, tafukansa suka sauka kan baƙaƙen wuraren da su da kansu suka goge. Ya saki gwiwa. Bai dubi ƙasa ba, ya kafa ido kan ƙofar gida.

"Likita dai ta ce a buɗe ƙafa," in ji Holmat.

"Na ji. Igiya biyu aka ɗaura min yau, kowace ƙafa da tata. Matsa, kana tare min iska."

Ya taka. Ƙugun da ya karye ya ɗan nutse, langar ta karkata a hankali, a hankali, ta ba shi lokaci, ya dawo da ita. Ya sake takawa. Fure na zubo masa a hula, inuwarsa na tafe a gabansa da dogayen fikafikai. Ni kuwa na ji kamar na koma 'yar shekara shida, har na ɗaga kai ina neman tsattsewa.

A bakin ƙofa abin ya tsaya. Ƙofarmu ta mutum ɗaya ce, langar kuma ta yi tsayin mutum uku. Bakinta biyu suka daki bango. Ga gidan shayi can tsallaken lungu, tsofaffi sun ajiye kofuna suna kallo.

"Ya isa haka yau, Baba," na ce.

"In na koma gadon nan, uwata, ba zan ƙara tashi ba. Na sani." Ya daɗe a tsaye yana numfashi. Sannan ya ce, "Ungo, riƙe min. A kwance."

Na karɓa, nauyinta ya kusa kayar da ni. Hannuwansa kuwa ba su sauka ba. Suka tsaya a gabansa a dunƙule, suna riƙe da iska. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa, ya tsallaka lungun, taku goma sha ɗaya, Holmat na binsa a baya yana kuka yana zaginsa.

Shekara shida ya ƙara a duniya, kuma haka yake tafiya ko'ina, masallaci, kasuwa, gidan shayi, hannuwa a gaba babu komai a cikinsu. Ba wanda ya taɓa yi masa dariya. In ya shigo lungu, masu keke da mata masu ɗauke da gurasa sai su raɓe jikin bango, dama da hagu, har ya wuce, don kada su buge masa langar.