Ƙyauren Malamin Daji

Ni dai karatuna aji huɗu ne, na huɗun ma ban ga ƙarshensa ba. Saboda haka duk wanda ya tsinci kuskure a rubutun nan, ya kai ƙara wurin malamin da ya kore ni, in ya same shi da rai. Sauran ilimin da nake taƙama da shi a bakin murhun kakata na same shi, a wani ƙauye kusa da Kazage, shekarun da aka sauke tutar Bature mu kuwa ba mu ga abin da ya sauka ba.

Kaka ba irin tsofaffin nan ba ce masu marmarin tara jikoki. A gajiye take kullum. Da asuba ta shiga daji tsintar kaɗanya, da rana ta daka, da magariba ta zauna gadin tukunyar man kaɗe kada ta ƙone. Wannan gadin ne ya zama makarantarmu. Mukan kewaye ta mu shida, ta miƙe ƙafafu wajen wuta, ni in kama matsa mata su, don ni ne mijinta na wasa, kuma ta ce duk cikin mazan da ta yi ba ta taɓa samun malalaci irina ba. Idonta a rufe take ba da tatsuniya. Ba ta jan buɗe tatsuniya da tsawo. Sai dai ta ce, "To ga ta nan, wanda ya yi gyangyaɗi ya yi wa kansa." Ita ce kuwa mai fara gyangyaɗin.

Akwai guda ɗaya da take yawan maimaitawa, ina jin don gajeruwa ce. Wai wani mutum ne a bakin daji, matarsa ta je ganin gida ta dawo da tabarma mai kauri. Aka shimfiɗa har bakin ƙofa, sai ƙyauren kara ya ƙi rufuwa, yana tokare da tabarmar. Mutumin ya ɗauko wuƙa ya rage gindin ƙyauren. Bai rufu ba. Ya ƙara. Garin ƙarawa ya yanke igiyar da ta ɗaure karan daga ƙasa, kara ya zazzago, aka sami kafa wadda akuya za ta iya zura kai. Kunya ta hana shi gaya wa matar. Sai ya ce mata shi daga yau a bakin ƙofa zai riƙa kwana, zafi yake ji. Ya kwanta ya toshe kafar da bayansa. Sanyi ya zo ya sha bayansa. Ɓera ya zo ya ciji bayansa. Kura ta zo ta sansana, ta lasa, ta ce wannan ƙyaure da gishiri yake.

A nan muke fashewa da dariya, a nan kuma Kaka take yin shiru, haɓarta ta sauka kan ƙirji. Sau da yawa sai na girgiza mata ƙafa na tambaye ta ƙarshen mutumin. Ran nan ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Wane ƙarshe kuma, mijin banza? Yana nan kwance. Ya tsufa a wurin. Ku tashi mini daga ƙafa."

Na daɗe ina ganin ha'intarmu ta yi. Tatsuniya ba a kashe kowa ba, ba a naɗa kowa sarki ba?

Na girma na zama kafinta a Birnin Gwari. Mu kafintocin bakin dajin Kamuku katako iri ɗaya muka sani: maɗaci, ƙirya, maje, itacen da in ka sa zarto tun hantsi sai azahar ka fita ɗaya gefen. Ƙyaure a wurinmu abu ne da ƙarti biyu ke ɗauka suna nishi. Wajen lokacin da aka bar fam aka koma naira, na fara samun suna, har ana cewa yaron nan Tanko hannunsa ba ya karkata. Ba ni da gona, ba ni da takardar makaranta. Sunan nan shi ne duk abin da na mallaka.

Sai ga Malam Bulus, malamin daji, ya aiko a kira ni gidansa na gwamnati. Ya sayo kafet daga Kaduna, ja, mai laushi, irin wanda ƙafa ke nutsewa. An shimfiɗa a falo, ƙyauren ɗakin kwana ya ƙi buɗuwa sai da kafaɗa. Ya ce in rage masa gindi kaɗan, shi zai shiga daji sai yamma. Ya hau babur ya tafi.

Da na cire ƙyauren na ji shi sakayau, hannu ɗaya ya ɗauke shi. Mai hankali da ya tsaya ya yi tambaya. Ni sai na ce a raina, lallai Turawa sun iya busar da katako. Sumul yake, ba haɗi, ba kan ƙusa, sai sheƙi. Na ɗora shi a kan benci, na ja layi da fensir, na yanke kaurin yatsa guda. Na mayar. Yana jan kafet. Na sake cirewa na yanke wani yatsan. Har yanzu yana ja, don kafet ɗin sabo ne, gashinsa bai kwanta ba, ni kuwa ban san kafet na kwanciya ba. A karo na uku na ce bari in gama da shi gaba ɗaya, na auna yatsa biyu.

Zarto ya tafi, ya tafi, sai na ji ya faɗa cikin iska.

Na leƙa. Ashe ƙyauren fanko ne. Fale-falen katako biyu ne, gaba da baya, tsakaninsu wani kwali mai ramuka kamar saƙar zuma. Ɗan siririn katakon da ke riƙe da su daga ƙasa, shi na bi na yanke kaf. Fale-falen biyu suka buɗe baki suna kallona.

Na zauna a ƙasa na yi gumi. Yau na san gyaran ba wuya: ka fere wani katako daidai ramin, ka shafa gam, ka tura, ka matse ya kwana. Ranar ban sani ba, kuma tambayar wani kafinta daidai take da shelar kasuwa. Sai na kwaɓa garin katako da gam na cusa, na shafe da fenti, na mayar da ƙyauren. Wa ke kwanciya a ƙasa ya duba gindin ƙyaure? Malam Bulus ya dawo, ya buɗe, ya rufe, ya yaba.

Damina ta faɗi, danshi ya shiga, fale-falen ya fara bajewa. Na je gaisuwa da gam a aljihu. Na ce ai ɗabi'ata ce, duk aikin da na yi sai na riƙa zagayowa dubiya. Rani ya zo, cushen ya bushe ya zubo a kan kafet. Na je gaisuwa. Kyankyasai suka tare a ciki suka hayayyafa. Na je gaisuwa. Na yi aure, na haifi 'ya'ya uku, ina zuwa gaisuwa. Ko zazzaɓi nake yi, in na ji an yi ruwa mai ƙarfi, ƙyauren nan ne ke fara faɗo mini a rai. Shi kuwa Malam Bulus duk inda ya zauna sai ya ba da labarina, wai bai taɓa ganin kafinta mai bin aikinsa shekara da shekaru ba. Daga bakinsa aka fara kirana Tanko Mai Amana.

Shekara tara muka yi a haka, sannan aka yi masa canjin wurin aiki. Na je taya su ɗaure kaya. Muna tsaye a falon, an naɗe kafet ɗin da ya riga ya koɗe, na ga in ban faɗa yau ba sai a lahira. Na sunkuyar da kai na ce, "Yallaɓai, akwai wata magana game da ƙyauren nan."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce ai tun ranar maiɗakinsa ta share guntun da na yanke ta nuna masa, har da kwalin a manne. Na tambaye shi dalilin da bai yi magana ba. Ya dafa kafaɗata, ya ce, "Da farko jira nake ka faɗa, in sa a kawo wani daga sito, akwai su jibge. Daga baya kuma na ga kana jin daɗin zuwa."

Na dawo gida na kwanta da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba.

Kaka ta rasu tun kafin in riƙe zarto, don haka ba ta samu ta yi mini dariya ba, kuma na san wannan asarar za ta fi ci mata rai. Amma a kwancen nan na janye ƙarar da na daɗe ina yi da ita. Ba ta ha'ince mu ba. Mu yara muna jiran kura ta cinye mutumin ne, ita kuwa da ta san gajiya, ta san ba sai an kira kura ba. Kunyar da za a sha a tsaye cikin minti guda, in aka ƙi ta, sai a sha ta a kwance har tsufa.

Har yau in na ratsa kasuwa da sandata, sai in ji an ce, "Baba Mai Amana, ina gajiya?" Jikokin waɗanda suka fara kiran ne, ba su san mafarin ba. Nakan ɗaga hannu in amsa. Na taɓa gwada ba wasu samari ainihin labarin, suka ce kai, Baba akwai tawali'u. Daga nan na bari. Wannan gyaran ya fi ƙarfina.