Kafaɗar Inas Tuscano

Ranar Lahadi 14 ga Mayu, 2006, na fara ganin Inas Tuscano, ina mako na biyu da kama aikin akawun cocinmu a Vasai, kusa da Bombay a ƙasar Indiya. Bayan addu'ar safe aka kafa tebur a bakin ƙofa, ana sa hannu a takardar neman gwamnati ta hana nuna wani fim. Daga wani littafi da ya yi kasuwa a duniya aka ciro shi, mai cewa coci ta shekara dubu biyu tana ɓoye wani asiri game da Yesu. Mutum ɗari uku da goma sha ɗaya suka sa hannu ranar. Inas ya karanta takardar har ƙasa, ya mayar mini da alƙalamina.

"Ban gani ba," ya ce. "Ba na ba da shaida a kan abin da ban gani ba."

Gajere ne mai faɗin ƙirji, ɗan shekara hamsin da takwas. Talatin da ɗaya daga ciki a ɗakin majigi ya yi su, a wani tsohon gidan silima a Bombay, kullum jirgin ƙasa ya kai shi ya dawo da shi. Ƙa'idarsa guda ce: ba ya yabon fim, ba ya kushe shi, sai ya haska shi daga faifan farko zuwa na ƙarshe. A gari kuwa da sandar hagu ta gaba aka san shi. Duk Satumba, ranar idin Maryamu, mutum huɗu ke ɗaukar karagar mutum-mutuminta a zaga gari, kowa da tawul a ninke a kafaɗa. Da tsayi ake zaɓen su, sai kafaɗun huɗu sun zo daidai. Ubansa ya ɗauka kafin shi, shi kuma ya shekara ashirin da shida a ƙarƙashin sandar.

Shugaban kwamitin coci, Pascol Dabre, mai gonar ayaba, ajinsu ɗaya tun firamare. Shi ya tare shi a bakin tebur.

"Haba Inas! Har Goggo Dumga da idonta ya mutu ta dangwala yatsa."

"Ai ku da ita duk ɗaya ne, ba wanda ya gani."

Ba a hana fim ɗin a Bombay ba, kuma silimar su Inas na cikin masu nuna shi. Kwamiti ya aika masa: ko ya ƙi haskawa, ko ya sauka daga sanda. Ya aiko da amsa cewa ya haska na 'yan fashi ya fi sau dubu, bai taɓa yankan aljihun kowa ba.

Ranar 18 ga Yuni aka kira shi gaban kwamiti, ni ke rubuta abin da aka faɗa.

"To, sarkin gani," in ji Dabre, "yanzu dai ka gani."

"Sau sittin da shida."

"Me ka gani?"

"Ƙarya, kuma ƙaryar ma ba gishiri. Rabinsa duhu ne, har na buɗe majigi na duba ko fitilata ce ta mutu. Mutum biyu suna ta gudu, in sun tsaya su yi surutu, su sake gudu. Ta 'yar tagata nake hangen masu barci. Mai sayar da gyaɗa ma a tsaye yake gyangyaɗi."

Aka yi dariya. Dabre ya turo masa takardar nan ta bakin ƙofa. "Shi ke nan, bakinmu ya zo ɗaya. Sa hannu mu sha shayi."

Inas ya dubi takardar. Ya san layi ɗaya zai ja a bar masa sandarsa. Ya ɗora yatsa a sakin layi na uku.

"Nan kun ce fim ɗin zai rushe bangaskiyarmu. Abin da ya kasa hana mai gyaɗa barci? Pascol, in taka irin wadda fim zai kayar ce, ka sa hannu sau biyu. Tawa ba haka take ba, ba zan yi mata shaidar zur ba."

Bakwai suka ce a sauke shi, biyu suka ƙi. Na ja layi a kan sunansa a littafin coci, a shafi na tamanin da takwas. Cikin fushi Dabre ya ba surukinsa Sabas Rumao gurbin, ba wanda ya tuna a gwada kafaɗa. Sabas ya fi sauran tsayi da yatsa huɗu.

Ranar idi, 10 ga Satumba, sai ga Inas da farar riga da tawul a kafaɗa. Aka ɗaga karaga, ya jera da Sabas, yana taku irin nasu, kafaɗa ba kaya. Tun daga ƙofar coci karagar ta karkata, nauyi ya koma kan tsoho Manvel da ke baya ta dama. Sabas ya gwada tafiya a ranƙwafe, gwiwa ta ƙi. A gangaren rijiya kambin Maryamu ya zame zuwa kunnenta, mata suka ɗauki salati irin namu, suna kiran sunanta.

"Kawu Inas, don Allah karɓa!" in ji Sabas, gumi na zuba.

Inas bai motsa ba. Ya juya ya nemi Dabre da ido.

"Ban sa hannu ba fa, Pascol. Kuma ba zan sa ba."

Dabre ya dubi kambin, ya dubi Manvel da ke nishi.

"Shiga mana, ja'iri, kafin ta faɗi!"

Ya shiga, karaga ta daidaita.

Kwamiti bai taɓa zama ya warware hukuncinsa ba. Har yau sunan Inas a soke yake a shafi na tamanin da takwas, kuma ya ƙara ɗaukar sandar shekara shida ba wanda ya tanka. An rufe silimar a 2012, ya koma gyaran fanka a ƙofar gidansa. Ya rasu ranar 3 ga Fabrairu, 2015. Dabre na cikin waɗanda suka ɗauki akwatinsa. Kwafin takardar na nan a ɗakin ajiyarmu da sunaye ɗari huɗu da goma sha biyu, babu nasa.