Mujiyar Cikin Gambata

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma a kan mujiya ko malamin gona sai ya zauna ya saurare ni. Shekara uku muna maƙwabtaka da wata a gefen gonata ta fadama, hanyar Bukkuyum.

Ba irin mai zama kogon kuka ba ce. Wannan a ƙasa take wuni, cikin gamba mai kauri, ta tattake ciyawa ta yi wa kanta zaure. Ƙafafu zalo-zalo kamar ta aro na balbela, fuska fara kamar sabon faifai, idanu ƙanana baƙi wul, baya ruwan ƙasa da ɗigon fari. Da magariba take tashi ƙasa-ƙasa bisa ciyawa, ba ka jin ko motsin fiffike, sai ta saki ƙafafu ta faɗa. Da safe in tarar da curin gashi da ƙasusuwan ɓera da ta amayar. Ma'aikaciya ce wadda ba ta taɓa roƙona goro ba.

Saboda ita na ƙi yanke gambar, zanar gidana ta ruɓe, uwargida na ta mita.

Wata kaka, wake na shanye a gona, ƙanena da gonarsa ke jikin tawa ya zo yana haki.

"Yaya, wagga tsuntsuwa taka ta dube ni."

"To mi kaka so ta duba? Kai ka tsaya mata a ƙofa."

"Ɗiyata na kwance da zazzaɓi, kai kana wasa."

"Kai ta asibiti, ka bar mini mai gadi."

Ya kai ta, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma a hanyar dawowa ya tsaya ya ƙyasta ashana. Da rana tsaka na hango hayaƙi. Kafin in isa, gamba ta zama toka, da ƙwai uku a ciki.

Mako biyu ɓeraye suka yi suna biki a kan wakena da nasa. Abin da na sussuke bai cika buhu ba. Yarinya ta warke da allura, amma har gobe cewa yake wuta ce ta warkar da ita, kuma a majalisa ana gyaɗa masa kai. Ni mai aji huɗu ni ne mahaukacin.

Da damina ta kawo kai ya zo neman iri. Na ba shi, ɗan Innata ne. Amma na hana shi taka gefen fadamar nan da ashana a aljihu.

Gambar ta sake tofowa, ta fi ni tsawo. Har yau ban ga curi ko ɗaya ba.